Sun ce zuciyar Yaya ta ƙi tashi bayan aiki, an ɗora shi a kan inji

Daren Talata

Maman Ilham: Salam jama'a, dan Allah wanda ya san harkar asibiti ya taimaka min da bayani, wlh hankalina ba ya jikina. Yayanmu da na ce muku an tafi da shi Indiya, yau aka shiga da shi aikin zuciya za a canja masa bawul guda 2, ƙofofin da jini ke bi a zuciya, tun 8 na safensu ba a fito ba sai bayan isha'i, yanzu Anti da ke can tare da shi ta kira ni tana kuka wai likitan ya ce aiki ya yi kyau amma zuciyar ta ƙi tashi, sun sa masa wani balan-balan bai isa ba shi ne suka ɗora shi a kan wani inji wai shi ekmo, kuma sun kawo mata takarda ta sa hannu tare da sabon lissafin kuɗi. Ni abin da ban gane ba, mutumin da zuciyarsa ta ƙi tashi yana raye ne ko yaya? Hajiyarmu ba ta sani ba tukuna, ga ta can ɗaki tana jan carbi.

Ummu Sadik: Innalillahi. Allah ya tashi kafaɗunsa

Baban Yara Malali: Allah ya ba shi lafiya. Ina Sista Binta, wannan fanninta ne

Alhaji Na Kawo: Ƙanwata ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, ni mai faɗar gaskiya ne ko da ɗaci. Kar ku sa hannu a komai sai wani naku ya shiga ya gan shi da idonsa. Haka aka yi mana da ƙanena, kwana 9 yana kan inji kullum ana ce mana ana samun ci gaba, muka sayar da gida a Hayin Banki, ƙarshe gawa muka ɗauko da bashi. Mutanen nan gawa suke ɗorawa a inji mita tana gudu.

Ummu Sadik: Haba Alhaji, a wannan daren?

Sista Binta: Yanzu na fito daga aiki na ga saƙonnin. Maman Ilham ki nutsu, yana raye, bari in miki bayani yadda za ki iya faɗa wa Hajiya. Idan za a canja bawul da gangan ake tsayar da zuciya, ana ɗura mata wani ruwa mai sinadarin fotasiyom ta tsaya cak don ba a ɗinki a kan abu yana motsi, duk tsawon lokacin wani inji ne yake aikin zuciya da huhu a gefen gado. In an gama sai a saki jini ya koma mata, ta fara bugawa, a riƙa rage injin a hankali har ta karɓi aikinta. Mafi yawan mutane haka ake rabuwa lafiya. Amma akwai 'yan kaɗan da zuciyar takan farfaɗo tana bugawa amma ba ƙarfi, kamar wanda ya suma aka yayyafa masa ruwa ya buɗe ido amma ba zai iya ɗaukar buhu ba. Ya fi faruwa ga wanda zuciyarsa dama ta daɗe a gajiye ko aikin ya yi tsawo, kuma bawul biyu ai aiki ne mai tsawo. Babban mutum yana buƙatar jini kusan lita 5 ya zagaya jikinsa duk minti ɗaya, in zuciya lita 2 kawai take iya turawa ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa za su fara mutuwa cikin awoyi. Shi ne suke cewa ta ƙi tashi.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri Sista, sai yanzu na iya numfashi. To balan-balan ɗin fa?

Sista Binta: Mataki-mataki ake bi. Farko magani ta jijiya, su adirinalin, dobutamin, milrinon, bulala ce ake yi wa zuciyar kuma bulala tana da iyaka. In bai yi ba sai balan ɗin, doguwa ce siririya ana zura ta ta jijiyar gindin cinya har ta kai babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, iskar hiliyom ake hura mata wajen cc 40, lokacin da zuciya ta saki sai ta kumbura ta tura jini cikin jijiyoyin da suke ciyar da ita zuciyar, dab da za ta matsa kuma sai ta sace ta bar mata fili. Taimakon ba shi da yawa, kamar rabin lita a minti. Ekmo kuwa shi ne babba, tiyo ɗaya mai kaurin babban yatsa yana zuƙo jini daga jiki, famfo ya tura shi cikin wani ɗan akwati da ke cire gurɓatacciyar iska ya sa oksijin, ɗaya tiyon ya mayar da shi jiki, yana iya juya lita 4 zuwa 5 ko fi, wato kusan duk aikin zuciya da huhu.

Injiniya Rigasa: Ashe dai janareto aka tayar wa gida kafin a gyara taransifoma. Mu masu gyaran famfon burtsatse mun gane wannan

Sista Binta: Injiniya ka kusa, amma janareto ba ya faɗa da taransifoma, shi wannan yana yi. In ta cinya aka sa shi, jinin da yake dawowa sama yake nufa, yana karo da wanda zuciya ke ƙoƙarin fitarwa, sai ɓangaren hagu na zuciyar ya cika ya kumbura huhu ya sha ruwa. Shi ya sa wani lokacin suke barin balan ɗin tare da shi ko su sa wani tiyon ya riƙa rage mata.

Dokta Unguwar Rimi: Sista ta gama bayani. Ni maganar Alhaji zan taɓa don bai kamata a share ta ba. Ban san abin da ya faru da ƙanenka ba Alhaji, Allah ya jiƙansa, kuma ba zan rantse a kan kowane asibiti ba, inda kuɗi yake akwai masu son zuciya. Amma ga abin da ba a cika faɗa wa dangi ƙarara ba, cikin manyan da aka ɗora a ekmo bayan aikin zuciya waɗanda suke fita asibiti da ransu kamar mutum 1 ne cikin 3, a wasu wuraren ya ɗan haura. Ka ga iyalai 2 cikin 3 za su dawo gida ba mutum ba kuɗi ko da ba wanda ya cuce su. Sai dai wanda aka kasa saukewa daga injin tiyata, in ba a sa masa ba a nan kan teburin yake cikawa. Injin ba ya warkar da komai, lokaci kawai yake sayo wa zuciya ta huta ta farfaɗo da kanta, mu gada muke ce masa. To Maman Ilham gobe da safe tambayar farko da Anti za ta yi musu ita ce gadar nan ina ta nufa, farfaɗowa suke jira ko wani inji na dindindin ko dashen zuciya, kuma kwana nawa suka ɗiba kafin a sake zama.

Alhaji Na Kawo: Likita to ya mutum zai gane ba gawa ba ce? Mu ta gilashi muke leƙe, ƙirji na motsi ƙararrawa na kuka, shi ke nan

Dokta Unguwar Rimi: Akwai abubuwan da ba sai ka yi karatun likita ba. Kullum a tambayi laktet, lamba ce a gwajin jini, ta mai lafiya ba ta wuce 2, in ta fara daga 9 tana saukowa jini na isa jiki, in tana hawa ba alheri. A tambayi fitsari nawa ya yi a awa, mai kilo 70 ya kamata ya ba da kamar cc 35. A tambayi me eko, wato hoton zuciya, ta nuna yau, zuciyar ta fi jiya matsawa ko a'a. A tambayi ko sun sassauta maganin barci ya motsa hannu da ƙafa duka biyun, saboda shanyewar ɓarin jiki na daga cikin haɗurran injin. Anti ta samu littafi ta riƙa rubutawa da kwanan wata, kuma ta nemi tafinta, haƙƙinta ne. Likitan da ya ga ana rubuta lambobi ko yadda yake magana canjawa yake.

Ɗalibin Shika: Ƙari a kan bayanin manya, abin nan ya daɗe. A 1953 John Gibbon ya fara nasarar aiki da injin zuciya da huhu a Amurka. A 1966 Michael DeBakey a Houston ya canja wa wata mata 'yar shekara 37 bawul, zuciyarta ta ƙi tashi irin na Yayanku sak, ya haɗa mata famfo na kwana 10 aka cire ta koma gida. Balan ɗin kuma Adrian Kantrowitz ne ya fara sa wa mutum a 1967. Mu a nan Najeriya 1974 aka fara buɗe zuciya a asibitin koyarwa na Inugu, Farfesa Fabian Udekwu tare da Magdi Yacoub

Baban Yara Malali: Ɗalibi an samu wurin bitar jarrabawa

Maman Ilham: Ku bar shi wlh, labarin matar nan ta kwana 10 shi zan kai wa Hajiya da asuba

Alhamis

Maman Ilham: Jama'a ga inda ake. Anti ta yi yadda Likita ya ce, laktet daga 11 ta dawo 3. Amma fitsari ya tsaya sun fara masa wankin ƙoda, jini kuma an ƙara masa leda 6 kawo yanzu. Jiya ƙafar dama ta yi sanyi ƙalau ta canja kala suka ƙara wani ɗan siririn tiyo da ke kai jini ƙasan ƙafar. Sun bar Anti ta shiga minti 5 ta nuna min shi a waya, ban taɓa ganin abu irin wannan ba, tiyo biyu sun fito daga ƙarƙashin zanin gado, ɗaya jinin ciki baƙi-baƙi kamar zoɓon da ya jiƙu ɗaya ja wur, a kan ƙafarsa an yi alama da biro inda suke ɗora wata 'yar na'ura duk awa suna sauraren jini. Fuskarsa ta kumbura sai da na gane shi da tabon goshinsa. Kuɗin kwana ɗaya ya haura albashina na wata 6, mun sa filin Rigachikun a kasuwa.

Sista Binta: Daga 11 zuwa 3 labari ne mai kyau sosai. Ƙodar sau da yawa tana dawowa in zuciya ta dawo, sai dai tana ɗaukar makonni. Zubar jinin kuma dole ce ta sa, jini in ya taɓa roba daskarewa yake son yi, sai an sa hefarin ya tsinka shi, ga mutum kuma da sabon yanka a ƙirji, ka tsinka da yawa ya zuba ka rage ya daskare gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, tsakanin nan muke kwana muna auna jini duk 'yan awoyi. Ƙafar kuma tiyon ne ya kusa toshe jijiyar da ya shiga, gara da suka gani da wuri, akwai wanda ke tsira da rai ya rasa ƙafa. Ki gode Allah ma an rufe ƙirjinsa, wasu a ƙirjin ake sa tiyon a bar shi buɗe an lulluɓe da leda ta musamman kwana da kwanaki.

Injiniya Rigasa: Ni na ga wani a YouTube wai shi Impella, ɗan ƙaramin famfo kamar biro ana sa shi cikin zuciyar kanta, me ya sa ba su sa masa wannan ba a huta da su tiyo

Dokta Unguwar Rimi: Wane irin bawul aka sa masa Maman Ilham?

Maman Ilham: Na ƙarfe, duka biyun, sun ce shekarunsa 41 na nama ba zai kai shi ba

Dokta Unguwar Rimi: To ka ji amsarka Injiniya. Impella ta cikin bawul ɗin babbar jijiya take ratsawa ta zauna, tana zuƙo jini daga cikin zuciya tana watsa shi gaba, in bawul ɗin na ƙarfe ne ba ta da hanya. Kuma ba ta sa oksijin, wadda ake sa wa hagu ba ta taimakon dama, ga tsada. Kowane da inda yake aiki. Shi kansa balan ɗin wani babban bincike da aka yi a Jamus aka fitar a 2012 kan mutum 600 da suka samu bugun zuciya bai nuna ya rage mutuwa ba, amma likitocin tiyata har gobe suna sa shi don ya fi sauƙin sawa da cirewa.

Ummu Sadik: To in Allah ya kiyaye zuciyar ba ta farfaɗo ba fa, haka zai zauna?

Dokta Unguwar Rimi: Ekmo na kwanaki ne zuwa 'yan makonni, wadda za ta farfaɗo galibi cikin makon farko take nuna alama, bayan nan kowace rana haɗarin ƙwayoyin cuta da zubar jini ƙaruwa yake. Abin da ya rage dashe ne ko famfon da ake dasawa a ƙirji mutum ya tafi gida da shi, wanda aka fi sawa yanzu HeartMate 3. Dashe ga baƙo a ƙasar wani abu ne mai wuya don 'yan ƙasa ake fara ba wa. Famfon kuwa waya ce ke fitowa ta fatar ciki zuwa batura 2 da yake rataye da su, suna kai awa 17 in sababbi ne, da dare a jona da wutar bango. Ku ɗauko wannan ku kawo shi Kinkinau a watan Afrilu, ga zufa a bakin ramin wayar, ga wuta sai ta ga dama, ga ba wanda zai duba injin in ya yi ƙara sai an hau jirgi.

Sista Binta: Kuma da yawansu ba a jin bugun jini a wuyan hannunsu, don famfon zuba yake ba tsayawa. Mutum na zaune yana shan shayi ka taɓa hannu shiru

Baban Yara Malali: Tabɗi, a garin nan da ake jana'iza bayan awa 2? Ya yi dogon barcin rana sai dai ya farka ana yanka likkafani

Ummu Sadik: Baban Yara ka ji tsoron Allah, ka sa ni dariya a inda bai dace ba

Maman Ilham: Ni ma na yi, rabona da dariya tun Litinin. Amma Malam ina da tambaya, kawunmu ya ce ko da likitoci sun ce ba fata haramun ne a cire inji, kisa ne

Malam Abu Sumayya: Allah ya ba shi lafiya. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman a 1986 ta ce ya halatta a cire na'urori idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta mutu gaba ɗaya ba dawowa, ko zuciya da numfashi sun tsaya tsayawar da ba komawa. To maganar kawu ba haka take a sake ba. Amma wanda ƙwaƙwalwarsa ke raye zuciyar ce kawai ta ƙi, wannan mas'ala ce daban mai nauyi, ba a yanke ta a waya, sai an zaunar da malami da likita wuri guda. Ku kuma ba ku kai nan ba, kar shaiɗan ya sa ku zaman makokin mai rai.

Litinin

Maman Ilham: Alhamdulillah jama'a an cire!! Tun Asabar suke rage gudun injin kaɗan-kaɗan suna duba zuciyar da eko, jiya suka kai shi ƙasa sosai ta riƙe, yau da safe aka shiga da shi aka zare tiyon aka ɗinke jijiyar. Balan ɗin sun ce sai gobe ko jibi. Har yanzu injin numfashi na bakinsa, ana wankin ƙoda, yatsun ƙafa 2 sun yi baƙi sun ce a jira a ga iyakar abin. Anti ta ce ta kira sunansa ya matse mata hannu, ta zagaya ɗaya gefen ya matse da wancan ma. Filin ya tafi, dillali ya ga muna cikin matsi ya karya shi, ba komai.

Ummu Sadik: Allahu Akbar, wlh har da hawayena

Sista Binta: Masha Allah. Hannu biyun nan ya fi min komai daɗi. Amma kar a saki jiki da addu'a, akwai waɗanda ake cire wa inji lafiya ƙwayoyin cuta ko ƙoda su kayar da su daga baya, sai ya fito daga ɗakin nan tukuna.

Dokta Unguwar Rimi: Barka. Ku fara shirin dawowarsa tun yanzu, mai bawul na ƙarfe wafarin, maganin tsinka jini, zai sha har ƙarshen rayuwarsa, da gwajin tsinkewar jini a kai a kai, ba jiƙe-jiƙe ba maganin kemis sai an tambaya, su ba ku cikakken rahoton aikin a rubuce ku kai wa likitan zuciya a Shika ko Barau Dikko. Tambaya ɗaya, yana yaro ya yi ciwon gaɓoɓi?

Maman Ilham: Ikon Allah, jiya Hajiya ke ba da labari, yana aji 5 na firamare ya yi ta ciwon maƙogwaro aka kira wanzami ya cire masa beli, bayan 'yan makonni gwiwa ta kumbura ta saki ta koma idon sawu, aka ce sanyi ne aka yi ta shafa man zafi

Dokta Unguwar Rimi: Shi ne fa. Ƙwayar cutar maƙogwaro ce, jiki garin yaƙi da ita ya far wa gaɓoɓi da bawul ɗin zuciya, gaɓoɓin su warke bawul ya yi ta lalacewa shekara 30 ba a sani ba. Fenisilin na kwana 10 a lokacin maƙogwaron ko allura guda, in kuma gaɓoɓin sun riga sun kumbura allurar fenisilin ta benzatin duk mako 3 zuwa 4 na shekaru. Kar ki faɗa wa Hajiya haka, ba laifinta ba ne. Amma duk mai yaron da ya yi irin wannan kumburi mai yawo a kai shi a yi eko.

Alhaji Na Kawo: Barka ƙanwata, na ji daɗi wlh. Sista mu kwana 9 ɗin nan ba mu taɓa tambayar lamba ko ɗaya ba, ba mu san akwai ta ba, ko sau ɗaya ba a ce mu kira sunansa mu ga ko zai motsa ba. Takardunsa na nan a jaka shekara 4 ban buɗe ba, in na ɗauki hotonsu za ki duba min?

Sista Binta: Turo min ta bayan fage Alhaji, zan karanta in faɗa maka abin da na gani, ko wane iri ne. Ka fara da shafin ƙarshe da na ranar farko.

Maman Ilham: Bari in sauka Anti na kira, ƙarfe 10 ta wuce a can ba ta saba kira yanzu ba

Maman Ilham: Ba komai, muryar Hajiya take so a kara masa a kunne